Ko Jaki Ana Yi Masa Akumari



Idan mutum ya yi sabon babur a ƙasarmu ta Karaye da Rogo, da zarar an gama yi masa Allah ya sanya alheri sai tambayoyi su biyo baya. Boxer ne ko Jincheng? Lita ɗaya tana kai shi ina? Zai ja buhu biyu na masara? A duba fitila, a danna oda, a tayar da inji a saurari ƙararsa. Kujerar kuwa, wadda muka fi kira sit, iyaka a shafa ta da tafin hannu a ce tana da laushi. Alhali duk cikin ƙarafan nan ita ce za ta ɗauki mai babur tun safe har dare, ita ce kuma za ta ɗauki matarsa da mahaifiyarsa ranar da tafiya ta kama.

Mu a nan babur ba abin fita shan iska ba ne. Da shi muke zuwa gona, da shi muke cin kasuwa, da shi muke zuwa suna da ta'aziyya. Ƙasar Rogo ta yi iyaka da jihar Kaduna da ta Katsina, don haka mutumin Fulatan ko Zarewa yana iya karyawa a gida ya yi azahar a Maƙarfi. A ɓangaren Karaye kuma, tun da aka gama madatsar ruwa ta Challawa a 1992, akwai wuraren da a da ake yankewa kai tsaye, yanzu sai an zagaye ruwa. Da ka sauka daga kwalta sai burji, sai gargada, sai yashi da rani, sai taɓo da damina. Mutanen birnin Kano sun koma Adaidaita Sahu tun da aka hana goyo a babur a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero. Hanyoyin ƙauyukanmu kuwa har gobe mai taya biyu ne gwarzonsu. Tafiyar awa biyu a kan sit ba ta zama labari a wurinmu.

Kakanninmu da suka bi waɗannan hanyoyi a kan dabba sun san darajar shimfiɗa. Ba a ɗora wa jaki mangala sai an sa masa akumari. Ba a ɗaura wa doki sirdi sai an sa zubka a ƙasa, sannan a rufa jalala a sama. Dalilinsu a fili yake: idan kaya ya goge bayan dabba sai miki ya fito, dabbar ta rame, ta ƙi tafiya, mai ita ya yi asarar kwanaki yana jinya. Jaki yana da hanyar kai ƙara. Babur ba shi da fatar da za ta sale, ko buhu nawa aka jibga masa ba zai yi tutsu ba. Mikin da a da yake fitowa a bayan jaki yanzu a jikin mahayi yake sauka, shi kuwa mahayi an koya masa haƙuri tun yana yaro.

Kowa a cikinmu ya san yadda abin yake zuwa. Rabin awar farko lafiya lau. Daga nan sai mutum ya fara gyara zama, ya karkata dama, ya karkata hagu. Can sai mazaunai su ɗauki zafi, cinya ta yi nauyi, ƙafa ta fara bacci. In an iso, sai an dafa kafaɗar direba kafin a sauka, a ɗan tsaya a riƙe ƙugu ana murmushi, masu tarba suna cewa sannu da hanya. Wanda acaɓa ce sana'arsa shi ba ya ma samun wannan saukar, domin wani fasinjan yana jira. Da yamma ka gan shi a gindin motar masu maganin gargajiya da ke shela da lasifika, yana sayen na basir da na sanyi da na ciwon baya, ya sha da dare, gari ya waye ya koma kan sit ɗin da ya jawo masa.

Abin da ke faruwa a jiki ba boyayye ba ne. Idan mutum ya zauna, yawancin nauyinsa yana sauka a kan ƙasusuwa biyu na mazaunai. Sit ɗin babur kuma abu uku ne: faranti na ƙarfe ko na roba a ƙasa, soso a tsakiya, leda a sama. Muddin soson yana da rai, yana raba nauyin ya bazu. In ya mutu, ƙasusuwan nan biyu suna nutsewa har su tarar da farantin, jijiyoyi su matse, jini ya rage gudu, shi ne baccin ƙafar da muke ji. Kowane rami da taya ta faɗa kuma, dukan yana hawa kai tsaye ta ƙashin baya. Masu binciken lafiyar ma'aikata sun daɗe da tabbatar da cewa doguwar jijjiga a zaune tana cikin abubuwan da ke kawo ciwon ƙugu, ko a tarakta ko a babbar mota ko a babur.

Soson namu kuma yana saurin mutuwa saboda aikin da muke ba shi. Buhun masara da damin rake da jarkokin ruwa duk a bayan sit suke zama, a ɗaure su tamau da roba har ledar ta tsage. Da ta tsage ruwan sama ya samu ƙofa, soso ya sha ya ƙoshi, rana ta gasa shi, ya fara marmashewa. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, goyon mutum biyu da uku ya ƙara yawa don a raba kuɗin. Direba ya matsa ya hau tanki, na tsakiya ya matse, na ƙarshe rabinsa a sit rabinsa a kan kariya, ƙarfe tsirara.

Wannan na ƙarshen shi ne ya fi damunmu. Direba yana riƙe da kan babur, yana ganin rami kafin ya iso, yana ɗaga jikinsa kaɗan ya bar ƙafafu su shanye dukan. Na baya bai ga komai ba, kuma yana zaune ne daidai saman tayar baya inda tsalle ya fi ƙarfi. Su wa muke ɗorawa a wurin? Gyatuma da za a kai ganin jika. Dattijon da zazzaɓi ya kayar, an sa shi a tsakiya wani ya tallafe shi ta baya. Mace mai tsohon ciki da naƙuda ta taso mata da tsakar dare, za a kai ta babban asibitin Karaye ko na Rogo. Waɗannan ba sa cewa a tsaya, kunya da kawaici ba za su bari ba. Iyaka ka ji an ce, "Malam, a ɗan yi a hankali." Wanda duk ya ji wannan kalma daga bakin mace a bayan babur, to ya sani an daɗe ana daurewa kafin ta fito.

Gyaran kuwa bai fi ƙarfin talaka ba. Masu gyaran kushin suna buɗe sit su sake masa soso, kuma a nan ne mutane da yawa suke zaɓen tumun dare, su ce a sa musu mai laushi. Soso mai laushi daɗinsa na minti goma ne, daga nan ya lotse ya miƙa ka ga ƙarfe. A sa mai tauri a ƙasa, irin wanda ake haɗawa da gutsattsarin soso a matse, sannan a ɗora siririn mai laushi a sama. A roƙi mai gyara ya bar wurin zama da faɗi kuma a shimfiɗe, kada ya yi tudu a tsakiya kamar bayan raƙumi, kada kuma ya gangara gaba yana tura mutum kan tanki. Ɓangaren baya ya samu kauri daidai da na gaba. Idan kariya za ta ɗauki mutum, a yi mata ɗan matashi mai igiya da za a ɗaura a kwance. Idan buhu za a ɗauka, ya zauna a kan kariyar, a tsare soson.

Sai maganar zafi. Baƙar leda da ta wuni a rana a watan Afrilu ta isa ta sa mutum ya yi salati. Ga kuma al'adar barin farar ledar kamfani a kan sit wata da watanni don a san babur sabo ne, ita kuwa santsi take yi tana tara gumi. Maganin wannan yana rataye a ɗakunan kakanninmu, wato buzu. Fatar rago mai gashi da aka jeme tana barin iska ta ratsa, ba ta ɗaukar zafin rana kamar leda, ba ta kuma yin sanyi ƙarara da hunturu. Masu doguwar tafiya a babur a Amurka da Ostareliya kuɗi suke sawa su sayi fatar tunkiya don wannan aiki, har da wani matashi mai ɗakunan iska da aka aro dabararsa daga kujerun guragu na asibiti. Mu da muke yanka raguna duk Babbar Sallah ba mu da uzurin rasa buzu. Abin kula kawai a ɗaure shi sosai kada ya zame, a kuma cire shi idan hadari ya haɗo.

Wani lokacin laifin ba na sit ba ne. Mai faci yakan ɗura wa taya iska har sai ta yi ƙara kamar ganga in an ƙwanƙwasa, taya mai tauri irin haka kuwa kowane tsakuwa sai ta isar da saƙonsa. A sa ya auna da geji, a bi adadin da kamfani ya rubuta. Shokozoba na baya a yawancin baburanmu yana da matakai da ake juyawa, a ƙara masa tauri ranar kaya, a sassauta ranar da mutum yake shi kaɗai. Wanda ya fara zubar da mai ya gama aiki, sai canji. Matakin ƙafa na fasinja da ya karye a mayar da shi, domin ƙafar da take lilo tana jan ƙugu, kuma ita ce take kai wa salansa ziyara. Mata su tattare hijabi da zani kada taya ta kama.

Abu na ƙarshe kyauta ne: tsayawa. Duk bayan awa guda a samu inuwa a sauka, a taka ƙasa, a miƙe baya, a sha ruwa. Direba ya riƙa tsayawa da kansa ba sai na baya ya roƙa ba, ya fake da cewa zai duba taya in ya ga za a ji nauyi. Wanda kuma baccin ƙafa ko ciwon ƙugu ya ƙi sakinsa bayan ya huta, asibiti ya kamata ya nufa. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka mai iyali ya duba sit ɗinsa tun kafin watan haihuwa ya kama.

Mu da muke koyon rubutu muna da rabo a wannan magana. Labaran da muke karantawa a waya cike suke da motoci masu sanyi da gidajen bene, jarumi ba ya taka ƙasa sai a filin jirgi. Amma yawancin masu karanta mu a bayan babur suka je makaranta, a bayan babur aka kai iyayensu mata awo. Marubucin da ya iya bayyana yadda tsohuwa take riƙe ƙarfen kariya da hannu biyu tana ambaton Allah a kowane rami, ya rubuta abin da mutumin Yammedi da na Zoza za su karanta su ce lallai wannan namu ne. Mai yiwuwa ma wani ya ajiye wayar ya fita ya danna sit ɗin babur ɗinsa da babban yatsa, ya ji ko ƙarfe yana kusa.

Allah ya tsare mana hanyoyinmu, ya sauki masu ciki lafiya, ya ba 'yan acaɓarmu lafiyar neman halak. Sai mako mai zuwa in mai duka ya kai mu.