Filin Arha, Hanya Mai Tsada

Mu mutanen Funtuwa da Malumfashi, in za mu kama haya ko mu sayi fili, kuɗin gidan kaɗai muke lissafawa. Dillali ya ce can bayan gari ya fi sauƙi, mu yi hamdala mu biya. Sai an tare sannan lissafin gaskiya ke fitowa. Maigida zai hau acaɓa zuwa kasuwa, yara uku za su makaranta, uwargida na da awo a asibiti, ga mai ruwa ya ƙara kuɗin jarka saboda nisa. Abin da muka rage a haya, ɗan acaɓa ya karɓe shi kafin wata ya mutu. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, wasunmu ma sun koma tafiyar ƙasa.

Abin mamaki, hanya ce ta raini Funtuwa. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa ta, ya isa Ƙaura Namoda a 1929, shi da cinikin auduga suka mayar da ita gari. Har yau muna kiran wata unguwa BCGA, da sunan kamfanin Turawan da ke gurzar auduga. Mutanen wancan lokaci kusa da aikinsu suka zauna. Lebura da ƙafa yake zuwa bakin aiki.

Yanzu kuwa gari na faɗaɗa ba tsari. 'Yan'uwanmu da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Faskari, Sabuwa da Ɗandume sun shigo, haya ta yi tsada, mai ƙaramin ƙarfi ya fice gefe. Gefen nan kuma gonaki ne, masu ba da masara da dawa da waken suya. A yanka gona filaye, a sayar, ba a bar wa mota hanya ba, balle magudanar ruwa. Damina na sauka, mai Keke Napep ya ce ba zai shiga ba. Mun yi asarar gona, kuma unguwar ba ta zaunu ba.

Laifin ba na dillali kaɗai ba ne. Masu yanka filaye daban, masu shimfiɗa titi daban, masu motocin haya daban, kowa da kiɗansa. Motocin KTSTA gari zuwa gari suke yi. Cikin gari an bar mu da acaɓa da Keke. A birnin Kuritiba na ƙasar Brazil, tun 1974 suka ware wa manyan motocin safa layinsu, suka ba da izinin gina gidaje da yawa a gefen layin, don mutum ya fito ƙofar gida ya tarar da mota. Ba mu ce Malumfashi ta zama Kuritiba ba. Amma me zai hana, kafin a sa hannu a kan sabon yankan filaye a hanyar Bakori ko ta Gusau, a fara fitar da titi, da wurin tsayawar mota, da filin makaranta?

Ga tashar tsandauri da aka buɗe a Funtuwa a 2024. In harka ta kankama, direbobi da 'yan dako za su cika gari. Su ma can bayan gari dillali zai nuna musu.