Wasanni Biyu

Wani yaro ɗan aji shida yana zaune a Damagaram. Yayansa ɗalibi ne a Yamai. Da yayan ya zo hutu, sai ya nuna masa wasanni biyu na intanet. A cikinsu kowa yakan zaɓi jarumi, ya haɗu da mutane masu yawa, su yaƙi dodanni tare.

Na farko sunansa World of Warcraft. An fito da shi a Amurka a 2004. Duniyarsa faɗi gare ta, hotunansa suna da kyau. Amma sai da kwamfuta, kuma ana biyan kuɗi kowane wata. Faɗansa na sauri ne. In intanet ya yi nauyi, sai a kashe jaruminka.

Na biyu Dofus ne, na Faransa, shi ma na 2004. Faɗansa bi da bi ne, kamar dara: ka yi tunani, sannan ka motsa. Tun 2016 akwai irinsa na wayar salula, kyauta. Amma yana da maimaici: sai ka kashe dodo iri ɗaya har ka gaji.

Yaron ya zaɓi na salula. Ya koyi sababbin kalmomin Faransanci. Amma abokan wasa sukan riƙe shi har tsakar dare. Ya fara gyangyaɗi a aji, ga jarrabawa ta matso.

Ya ce: "Yaya, wanne ya fi?"

Yayan ya ce: "Ƙanena, ɗaya yana cin kuɗi, ɗaya ba ya ci. Lokaci kuwa, duka biyun suna ci."

A daren nan yaron ya ce wa abokan wasansa: "Sai ran Lahadi."