Tsanin Wuta

Jama'a, ni sha'awata haɗa kayan lantarki, kuma babu wanda nake ji da shi kamar tsanin ninka ƙarfin wuta. Kowane mataki diyod biyu ne da kafasita biyu, wutar na hawa kamar yadda leburori ke miƙa bulo sama. Da irinsa Cockcroft da Walton suka fasa ƙwayar zarra a Ingila a 1932, ƙaninsa kuma yana cikin raket ɗin kashe sauro.

Amma fa ina tsoronsa. Ko an zare filogi, kafasita na riƙe da wutar da za ta iya kisa. Don haka ba na taɓa shi sai na sauke cajin tukuna, ɗakin kuma kullum a kulle saboda yara. Rai dai guda ne.