Tafkin Barombi Mbo: Kyaunsa Da Abin Da Ke Cinsa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in ba 'yan'uwana masu karatu labarin wani tafki da ke ƙasar Kamaru, kusa da Kumba, garin da na yi aikin akawu wajen wani mai sayen koko. Sunan tafkin Barombi Mbo. Kumba kuwa ba baƙon gari ba ne gare mu, gama har 1960 tare da Nijeriya a ke mulkinta, kuma akwai unguwar Hausawa a cikinta.

Tafkin nan yana cikin bakin wani tsohon dutse mai aman wuta. Masana sun ce wajen shekara miliyan 1 ke nan da dutsen ya fashe, ya bar rami kamar akushi, ruwa ya cika shi. Faɗinsa kamar mil guda da rabi, zurfinsa kuwa wajen ƙafa 360. Mutum ba ya ganinsa sai ya kai bakin gangaren, sa'an nan ya tsinkayi ruwa a kwance lumui, kurmi ya kewaye shi. Da asuba hazo ya kan rufe fuskar ruwan, masunta su fito cikin kwalekwale daga ƙauyen Barombi da ke wancan ƙetare, ba ka jin kome sai motsin filafili da kukan tsuntsaye. Domin wannan ne baƙi su ke zuwa kallo daga nesa, ko da ya ke sun ragu ƙwarai tun 2016, sa'ad da rikici ya tashi a lardunan Kamaru masu magana da Ingilishi.

Abin mamaki mafi girma yana cikin ruwan. Akwai kifi iri 11 dangin karfasa waɗanda ba a samunsu ko'ina a duniya sai nan. Ɗaya sunansa dikume. Ruwan da ke ƙasa da ƙafa 130 ba shi da iskar da kifi ke shaƙa, amma Allah ya ba dikume jini mai riƙe iska, ya kan nutsa can ya ci abinci ya komo. Wani kuma pungu, abincinsa wani soso ne da ke manne a duwatsu da itatuwan da suka faɗa ruwa. Sunayen nan na Barombi ne, masana suka ara suka sa a littattafansu.

To, jama'a, ga abin baƙin ciki. Dukan iri 11 ɗin nan an rubuta su cikin halittun da ke bakin ƙarewa. Dalilan kuwa ba ɓoyayyu ba ne. Na fari, an sassare kurmi a gangaren an yi gonakin koko da na abinci, ruwan sama kuwa in bai sami saiwar da za ta tare shi ba sai ya kwashi ƙasa ya zuba a tafki. Na biyu, maganin da a ke fesa wa koko hanyar nan ya ke bi, gama a cikin akushi kome ya zuba tsakiya ya ke gangarawa. Na uku, kakannin Barombi da gora su ke su, yanzu kuwa taru mai ƙananan idanu ya shigo, ba ya barin babba ba ya barin ƙarami. Na huɗu, daga tafkin nan a ke jawo ruwan famfo na Kumba, gari kuwa kullum ƙaruwa ya ke yi.

Doka ba a rasa ta ba. Tun 1940 Gwamnati ta mai da kurmin gandun daji, a 2006 kuma aka sa tafkin cikin wuraren ruwa da ƙasashen duniya suka yi alkawarin kiyayewa bisa ga yarjejeniyar Ramsar. Amma takarda ba ta tare gatari. Ni dai ba na zargin manomi shi kaɗai, gama na ga abin da a ke biyansa a bakin sikeli, mai iyali kuwa ba ya duban kifi ya bar 'ya'yansa da yunwa.

Ga shawarata. A ba manoman gangaren wata ƙasa a wajen akushin, a dasa itatuwa inda aka sare. A sa wa taru ƙa'idar ido, a bar dattawan Barombi su tsare ta, tun da su ne suka san lokacin da kifi ke haihuwa. Kuɗin da baƙo ya biya kuma a bar wani kashi a ƙauyen, domin wanda ya ci amfanin abu shi ke tsaronsa. Mutanen Kumba su tuna, abin da ya kashe dikume shi za su ɗiba a famfo.

Mu ma muna da irin wannan tafki, watau Tila a ƙasar Biu. Ina roƙon malaman makaranta na can su rubuto su gaya mana halin da ya ke ciki. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu.