Darasin Kimiyya a Tashar Jirgin Ƙasa

A hutun da ya wuce, ƙanena da ke ƙaramar sakandare ya dawo gida ido ya yi ja. An yi musu gwaji a kan iri biyu na sauyin da ke samun abubuwa, ya kuwa faɗi. Ya haddace ma'anarsu da Turanci tsaf, amma da na ce ya gaya mini da Hausa, sai ya sunkuyar da kai. Ni Hausa nake karantawa a jami'a, saboda haka na ga kunyar tawa ce in harshenmu ya kasa fitar da shi.

Da la'asar muka taka daga gidanmu a Fagge zuwa tashar jirgin ƙasa. A bakin ƙofa muka tarar da mai sayar da ruwan sanyi, ƙanƙararsa tana narkewa. Na ce wa yaron, ƙanƙara ruwa ce da ta daskare, in ta narke ma ruwan ne. Wannan muka sa masa suna sauyin kama. Can gefe ga tsohon ƙarfen dogo ya yi tsatsa. Na ce ya kankaro ta. Jan garin da ya zubo a tafinsa sabon abu ne, wanda ƙarfe ya haifar da ya haɗu da iska da laima. Wannan kuma sauyin asali.

Sai na ba shi labarin jiragen dā. Dogo ya iso Kano a 1911, kuma kan jirgin wancan zamani da tururi yake tafiya. Kwal na ƙonewa ya zama toka da hayaƙi, ruwan tukunya na tafasa ya zama tururi. Ban rufe baki ba ya ce, "Yaya, ai kwal ɗin asalinsa ya sauya, ruwan kuwa kamarsa kawai."

A hanyar gida ya ƙure ni. Wai an koya musu sauyin kama shi ne wanda ake iya mayarwa, to gyaɗar da aka daka fa? Na yi jim, sannan na ce ko an daka ta gyaɗa ce. Abin dubawa shi ne, an sami sabon abu ko ba a samu ba?

'Yan'uwa ɗalibai, narkewa, daskarewa, ƙonewa da tsatsa duk kalmominmu ne tun kaka da kakanni. Saura mu tsara su mu kai wa ƙannenmu aji.