Lokacin da Mushe Ba Ya Kwana a Gari

Jakin kawuna ya mutu ne da asubahin wata rana a ƙarshen bazara, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, harawa ta ƙare, dabba ba ta da abin sa wa a baki sai busasshen karan da ta tauna jiya ta bari. A wani ƙauye ne na ƙasar Ajingi, ba nisa da Toranke, inda ake kai ni hutu wurin dangin mahaifiyata, kuma ban wuce shekara tara ba. Kafin hantsi ya dubi ludayi samari huɗu sun ɗaure ƙafafunsa na baya da igiyar rama, kawu yana gaba yana nuna hanya, mu yara muna biye muna tsalle kamar ana rakiyar ango, aka ja shi ta lungu, aka kauce wa ƙofar masallaci, aka wuce rijiya nesa-nesa, aka ratsa gonakin bayan gida har zuwa wani faƙo mai ƙaya da ba a nomawa. Wani dattijo ya ɗebi ƙasa ya sake ta a iska don ya ga inda take kaɗawa, da yake iskar bazara daga yamma take tasowa sai ya ce a ƙara yin gabas da shi. Ba mu kwance igiyar ba sai da inuwar ungulu ta farko ta gifta ta kanmu. Da la'asar da muka saci jiki muka koma leƙe, haƙarƙari ne a tsaye kamar tankar jinka. Da dare muka ji kukan kura, kowa ya ƙara matsawa jikin ɗan'uwansa. Washegari kofato da gashi kawai muka tarar.

Bara akuya ta mutu a layinmu a Gaya, kwana shida ta yi a cikin kwata.

Ku da kuka haura hamsin kun san abin da nake faɗa, yaran yanzu kuwa sai ku yi haƙuri ku saurara. A wancan zamani ba a ɗauki kawar da mushe a matsayin aikin hukuma ba, ba kuma sana'ar wani ba ce da za a kira shi a biya. Aiki ne da aka raba tsakanin mai dabba, da samarin unguwa, da sararin bayan gari, da waɗansu ma'aikata da ba su taɓa karɓar lada ba: ungulu da rana, kura da dila da dare, hankaka da shirwa su tsince abin da ya saura, rana da tururuwa su ƙarasa. Mai dabba kuwa kunya ce ke tashinsa. A ce warin gidan wane ne ya hana mutane zaman hira a dandali, wannan magana ta fi tara ciwo.

Ungulu dai ba ta taɓa samun yabo a bakinmu ba. Mun yi mata ba'a da sanƙo, mun sa ta a karin magana duk inda ake zancen yaudara ko ƙazanta, muka ce ungulu da kan zabo, muka ce ba ta jewar banza. Amma ku tuna mahautar kasuwar Kademi, ko karar shanu ta Wudil ranar Juma'a, yadda suke jeruwa kan katanga da rassan kuka, su sauko suna tafiyarsu ta ƙasaita tsakanin ƙafafun mahauta, ba mai korarsu sai in sun matsa wa tire. Tumbi, jini, guntun fata, duk abin da aka yar kafin a tashi kasuwa sun share. Sai da na girma na karanta cewa ruwan cikin ungulu yana da tsamin da ke kashe ƙwayoyin cutar da za su kwantar da kare ko mutum. Wato abin da ta haɗiye ya fita daga gari ke nan har abada. Kare kuwa in ya ci mushe, gida zai dawo da shi a bakinsa, ya kwanta inda yara ke wasa.

Yau kana iya shekara a Gaya ba ka ga ko ɗaya ba. A 2015 ƙungiyar duniya mai lura da halittu, IUCN, ta sa irin ungulun garuruwanmu cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Ba wani ya zo daga nesa ya kwashe mana ita ba. Masu neman kanta da ƙwanta don tsibbu da magani sun sa mata kuɗi, mafarauta suka bi ta da guba, ana barbaɗa wa mushe ɗaya a kashe garke guda. Dogayen itatuwan da take sheƙa a kansu, rimi da giginya da manyan kukoki, gatari ya ci da yawansu. A Indiya ta wata hanya abin ya zo musu: wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu, diklofenak, shi ya riƙa lalata ƙodar ungulayen da suka ci gawar shanun, har fiye da kashi 90 cikin 100 suka mutu kafin a hana bai wa dabbobi shi a 2006. Mushe ya taru, karnukan sake suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Su da magani suka kashe tasu bisa kuskure. Mu da saninmu muka sayar da tamu.

Sai kuma bayan garin da babu shi. Gaya tsohon gari ne, tun a makaranta aka gaya mana daga nan maƙeran farko suka tashi zuwa Dala neman tama, kuma tsohon gari ya san inda iyakarsa take: ga gidaje, ga juji, ga kududdufi, ga gona, ga daji. Kowane abu da wurinsa. Yanzu faƙon da ake kai jaki an yanka shi fulotai, kududdufi an cike shi da bola an ɗora shaguna, gonar da ba a gina ba kuwa ta yi tsadar da mai ita ba zai yarda ka jawo masa mushe ba. To sai yaro ya cusa mataccen zakara cikin baƙar leda ya ƙulle, ya jira magariba, ya cilla kwata ko kangon maƙwabci. Leda ba ta barin rana ta busar, ba ta barin tsuntsu ya ci, sai dai ta riƙe abin ya dahu a cikin ruwansa. Mushen da a fili zai ƙare cikin kwana biyu, a leda sai ya yi mako biyu yana gaishe da masu wucewa.

Kada in yi muku ƙarya in ce da komai tsaf yake. Idan saniya ta faɗi, ihu ake a kawo wuƙa, domin a riga mutuwa, kuma sau da yawa abin da aka yanka ɗin ciwo ne ya kayar da shi, aka raba naman aka ci. Idan an makara ta yi mushe, akan feɗe fatar a jeme a yi guga ko kiri, tunda malamanmu sun koyar a zaure cewa jemammiyar fatar mushe ana iya amfani da ita, sai dai ba a salla a kanta ba a kuma sayar da ita. Da hannu tsirara ake feɗewa. Ba mu san cewa dabbar da ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini na fita ta hanci da dubura, mai yiwuwa ciwon saifa ne, wanda buɗe cikinta ke shuka cutar a ƙasa shekara da shekaru. Wannan binnewa ake da zurfi ko a ƙone, ba a taɓa ta da wuƙa, kuma da cutar ta ɓulla a wata gona a Suleja a 2023 abin da likitocin dabbobi suka yi ta nanatawa ke nan. Haka a 1983, shekarar da cutar bushiya ta shiga shanu, mushe ya fi ƙarfin ungulu da kura, Fulani suna barin gawar shanunsu a makiyaya su yi gaba da abin da ya tsira, iska na kawo warin har cikin ɗaki. Kura ɗin ma da nake ambato kamar abokiyar aiki, in ba ta sami matacce ba ai rayayye take ɗauka a turke. Ban manta ba.

A cikin gida kuwa sha'anin ƙananan matattu ne, kuma wannan fagen mata ne. Ɓera a da kyanwa ke kashe shi ko tarko, a kan idonka yake mutuwa. Inna ta sa kara biyu ta maƙale shi, ta miƙa wa yaro ya kai juji, kafin ya juyo shirwa ta sure. Inda ya kwanta ta kankare ƙasar, ta zuba toka mai ɗumi daga murhu, in ɗaki ne ta ajiye gawayi a kasko ya kwana yana shan warin, sai bayan nan ta sa turaren wuta. A kullum turare ne na ƙarshe. Takan ce wanda ya turara ɗaki bai fitar da mushe ba, ya yi wa wari kwalliya ne kawai. Ɗakin jinka ko soron azara ba su da wani ɓoyayyen sarari a sama, in ma gafiya ta mutu a raminta gindin rumbu, hanci zai kai ka wurin, a toshe da ƙasa a daɓe.

Yanzu mun yi rufin kwano mun sa silin, mun gina wa ɓera bene. Mai shinkafar ɓera yana zagaya kasuwa da lasifika yana rantsuwa cewa nasa busarwa yake ba ya wari. Ɓera ya ci, ya haye sama ya mutu inda hannu ba ya kaiwa. Kwana biyu shiru, ran na uku da rana ta gasa kwano sai ɗaki ya gagari shiga, koren ƙuda ya cika taga, wani lokaci tsutsa ta riƙa faɗowa ta tsagar silin kan shimfiɗa. Kyanwar da ta ci wanda ya faɗo ita ma ta je bayan buhuna ta mutu, kazar da ta tsattsagi ragowar gubar ta bi ta. Ga kuma zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Borno, da ake ɗauka daga fitsari da kashin ɓera, don haka kara biyun nan na inna ba ƙyanƙyami ba ne kawai, ko da yake ita ba ta taɓa jin sunan cutar ba.

Rijiya ma tana da nata tsarin. Kaza ta faɗa ta mutu, kafin a ɗebi ko guga ɗaya sai an aika wurin liman. Tambayarsa uku ce, launi da ɗanɗano da ƙanshin ruwan, ko sun sauya. In ba su sauya ba, a fitar da ita da ƙugiya a kwashe ruwa gwargwadon girmanta da girman rijiyar. In sun sauya, a kira mai yasa, a kwashe har sai ruwa ya dawo hayyacinsa, unguwa ta koma rijiyar maƙwabta kafin nan. Kowa ya ji, kowa ya sani. Yau tankin burtsatse yana can sama, iska ta ɗauke murfin tun bara, ƙadangare ya faɗa ya narke, ana ta alwala ana shayi sai ranar da famfo ya fara wari.

Shi kuwa duba-gari, ko sunansa aka ambata sai tsintsiya ta fito. Makarantar koyon tsafta ta Kano tun 1932 take yaye su, kuma a zamanin En'e, kafin sauyin ƙananan hukumomi na 1976, da ƙarfin hakimi da dagaci yake shiga gida, ya leƙa randa, ya leƙa masai, ya zagaya turke. In ya tarar da mushe a bayan danga ba ya dogon zance, mai unguwa zai ji, alƙali zai ji. An yi masu cin zali a cikinsu, an yi masu karɓar zakara su kau da kai, wannan ma gaskiya ne. Daga baya, a mulkin soja na Buhari da Idiyagbon da yaƙinsu da rashin ɗa'a, aka mai da tsaftar gari aikin Asabar ɗin ƙarshen wata. Mushe kuwa bai san kalanda ba, ranar da ya ga dama yake faɗuwa.

Watan jiya abin ya zo kaina. Kwana uku jikokina suna fesa turaren gwangwani a falo, wari na dawowa da ƙarfinsa haɗe da ƙanshin lemo, na rasa wanda ya fi tayar min da zuciya. Na aika aka kira wani yaro kafinta, ya sa leda a hannu ya ɗaure hanci da ƙyalle, ya ɓalle silin guda ya zura kai da fitilar waya, can ya sauko da gafiya ta kumbura kamar ɗan kwikwiyo.

Ya ce, "Baba, ina za a kai ta?"

Na ɗaga hannu zan nuna masa gabas, sai na tuna gabas ɗin yanzu gidan mutane ne har inda ido ya tsaya. Na sauke hannuna. Na ce ya ɗauko fartanya, muka zagaya gindin darbejiyar bayan gida ya haƙa rami kamu ɗaya da rabi, don kada kare ya tono. Da na ce a kawo toka a zuba kafin a rufe, sai aka tsaya ana kallona, domin a gidan da gas ake girki. Sai da aka aiki ƙaramin jikana da kwano wurin mai ƙosai ta bakin titi ya roƙo.