Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Tun daga shekarar 2001 da wayar salula ta shigo Nijeriya gadan-gadan, kusan kowace shekara sai an ƙara ɗora mata wani kaya. Da farko magana kawai ake yi da ita. Daga baya ta zama agogo da rediyo da fitila, har aka wayi gari ta zama jakar littattafai da rikoda da asusun ajiya. Ga ɗalibin kwalejin ilimi kuwa, sau da yawa wahalarsa ta shekara uku a cikinta take kwance. Shi ya sa duk ranar da ta fara mutuwa da kanta, mai ita yakan shiga tashin hankali ba kaɗan ba. Abin da ya sami wani ɗalibi mai nazarin Hausa ke nan a shekararsa ta ƙarshe, lokacin da aka tura shi koyarwar gwaji a makarantar firamaren wani ƙauye da ke gabas da Kano.

Ban da koyarwa, ɗalibin yana da kundin bincike da zai miƙa kafin ya kammala, kuma a kan sana'ar ƙira ya zaɓi ya rubuta shi. Ya yi sa'a a ƙauyen akwai Sarkin Maƙera, dattijo wanda ya haura shekara tamanin. Ranar Juma'a uku a jere yana zuwa wurinsa bayan sallar la'asar, ya ajiye waya a kan tabarma tana ɗaukar magana. Tsohon ya yi masa bayanin uwar maƙera da masaba da zugazugi da awartaki, ya ba shi labarin yadda kakanninsa suke haƙo tama su narka ta, ya kuma yi masa kirarin gidansu da bakinsa. Hirar duka ta tasam ma awa huɗu. Ba a cika wata guda ba Allah Ya yi wa dattijon rasuwa. Daga ranar, muryarsa ba ta saura a ko'ina ba sai a cikin wayar nan, ga shi kuwa ɗalibin bai riga ya juya ko rabin hirar a takarda ba.

A daidai wannan lokaci, cikin zafin watan Afrilu, wayar ta fara halinta. Ranar farko yana cikin magana da malamin da ke duba kundinsa sai ya ji shiru, ya duba ya ga allon ya yi baƙi ƙirin. Ya kunna ta, ta tashi kamar ba abin da ya faru. Kashegari ta sake, jibi ta yi sau uku. Wani lokaci ta mutu ta kwanta, wani lokaci kuma ta mutu ta farfaɗo da kanta. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne, takan nuna saura kashi 40 cikin 100 na caji, amma ta ɗauke kamar an zare mata rai.

Masu ba da shawara ba su yi wuya ba. Wani ya ce cutar waya ce ta shige ta. Wani ya ce ya sayar da ita tun kafin ta mutu a hannunsa. Abokin ɗakinsa kuwa cewa ya yi, "Kai ta a yi mata filashin, yanzun nan za ta dawo sabuwa." Har ya miƙa ta ga yaron da ke cajin waya a bakin kasuwa, sai Allah Ya sa ya tambaya ko abin da ke ciki zai taɓu. Yaron ya ce, "Ai Malam, filashin ba ya barin komai. Yadda ta fito daga kamfani haka za ta koma." Nan take ɗalibin ya karɓe wayarsa, gabansa yana faɗuwa, don ya ga saura ƙiris ya shafe awa huɗun nan da hannunsa.

Da safe shugaban makarantar, wanda ya shekara talatin yana koyarwa, ya lura da shi a ofis ya yi tagumi. Da ya ji abin da ke damunsa sai ya ce, "Ɗana, ni ban san kan wayoyinku ba, tawa ma mai maɓallai ce. Amma na san yara. In yaro ya riƙa barci a aji, ba bulala nake fara ɗauka ba. Sai na duba yaushe yake barcin. Da safe ne ko bayan tara? Kullum ne ko kuwa ranar kasuwa? Ruwa ba ya tsami banza. Ka taɓa rubuta lokutan da take mutuwa?" Ɗalibin ya ce, "Ranka ya daɗe, ban taɓa ba." Ya ce, "To, fara daga nan. Amma kafin komai, ka fitar da muryar tsohon nan daga cikinta. Mai hankali ba ya gyaran rumbu da hatsi a ciki."

A daren ranar ya ari kwamfutar wani malami, ya haɗa wayar da ita da igiyar caji, ya kwashe hirar duka da hotuna da abin da ya fara rubutawa. Yana yi yana addu'a kada ta ɗauke a tsakiya, amma har ya gama ba ta ko gezau ba. Ya sake juya kwafi guda a wani katin ajiya, ya naɗe a takarda ya jefa cikin akwatinsa. Sai a daren nan ya yi barci mai nauyi.

Da gari ya waye ya buɗe shafin ƙarshe na littafinsa na shirin darasi, ya ja layuka biyar: lokacin da ta mutu, abin da yake yi da ita, cajin da ya rage, ko ta yi zafi, da kuma ko tana jone da wuta. Ya kuma ɗaukar wa kansa ƙa'ida guda, cewa abu ɗaya zai riƙa canzawa a lokaci guda, domin wanda ya sha magani biyar a tare, ko ya warke bai san wanne ne ya yi masa aiki ba.

Ya fara da abin da ido ke gani. Ya cire rigar wayar, saboda riga mai matsewa takan danne maɓallin kunnawa, ƙurar hunturu ma takan sa shi ya maƙale, waya ta yi ta kashe kanta tana kunnawa. Ya ga maɓallin lafiya lau yake. Kashegari ya zare katin ajiyar da ke cikinta, domin katin da ya lalace yakan rikita waya. Ta sake mutuwa. Rana ta uku ya duba ma'adanarta ya tarar ta cika maƙil da hotuna da bidiyon da ake turowa a WhatsApp. Ya share su. Wayar ta ƙara sauri, amma mutuwar tana nan.

Daga nan malamin da ya ba shi aron kwamfuta ya nuna masa wata dabara da wayoyin Android suke da ita, wadda masu gyara ke kira sef-mod. A yawancinsu, ana danne maɓallin kunnawa, sa'an nan a danne alamar kashewa da ta fito a allo har sai wayar ta nemi izini. In ta tashi a wannan yanayi, manhajojin da ta zo da su kaɗai ke aiki, waɗanda mai ita ya sauke kuwa duk suna barci. Hikimar ita ce, in mutuwar ta tsaya, to wata manhaja ce mai laifin, sai a bi su a cire ɗaya bayan ɗaya, a fara da wadda aka sauke daga ƙarshe. Kwana biyu ya bar ta a haka, ta mutu sau uku. Da wannan manhajojinsa suka fita daga zargi.

Ranar Asabar ya zauna ya karanta shafin nan kamar yadda malami ke duba sakamakon jarrabawa. Cikin kwana shida ta mutu sau goma sha ɗaya. Ba ta taɓa mutuwa tana jone da wuta ba. Ba ta taɓa mutuwa caji yana sama da rabi ba. Sau tara tsakanin azahar da la'asar ne, kuma kusan duka yana kira ne ko yana ɗaukar hoto. Shafin ya nuna masa mai laifin ƙarara, wato batir.

Dalilin kuwa sananne ne. Batirin wayoyin zamani na sinadarin litiyam ne, kuma tsufa yake yi. Yawanci in an cika shi an ƙarar kamar sau 500, yakan rasa wajen kashi 20 cikin 100 na abin da yake iya riƙewa. Bayan haka, tsohon batir ba ya iya ba da wuta mai yawa farat ɗaya. In kyamara ta buɗe, ko waya tana fafutikar kama layi a ƙauyen da sabis ba shi da ƙarfi, takan nemi wuta da yawa, ƙarfin batirin ya faɗi, sai ta ɗauke ko da allo yana nuna da saura. Matsalar ba ta ƙananan wayoyi ba ce kaɗai. A watan Disamba na 2017 kamfanin Apple ya amsa cewa yana rage saurin wasu tsofaffin wayoyinsa na iPhone domin ya hana su irin wannan mutuwa. Zafi kuma yana gaggauta tsufan batir. Kamfanin na Apple ya ƙayyade a yi amfani da wayoyinsa a inda zafi bai wuce digiri 35 a ma'aunin Salshiyas ba, alhali bazarar ƙasar Hausa takan haura digiri 40. Wayar ɗalibin ta shekara uku a hannunsa, kuma kullum a bakin tagar aji yake ajiye ta, cikin rana, saboda nan ne ake samun sabis.

Ranar Lahadi ya shiga mota zuwa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Mai gyaran da ya samu ya saba da masu cewa, "Ta lalace kawai." Da ɗalibin ya buɗe masa shafin, sai ya karanta ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai ka yi mini rabin aikin." Ya buɗe bayan wayar, sai ga batirin ya fara kumbura kamar fanke. Ya ce, "Ka ga wannan? Kada ka kuskura ka huda irinsa ko ka ci gaba da caja shi, wuta yake kamawa. Da na sa sabo ta ci gaba da mutuwa, da sai mu zargi injin wayar ko babbar manhajar da ke tafiyar da ita. A nan ne ake zancen filashin, shi ma bayan an kwashe kaya." Ya sa masa sabon batir, ya gargaɗe shi da ya daina barin ta a rana ko caji a ƙarƙashin matashi, ya kuma guji caja marar kyau. Kuɗin da ya biya bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin sabuwar waya ba. Tun daga ranar ba ta sake mutuwa ba.

Ɗalibin ya juya hirar duka a takarda, ya miƙa kundinsa a kan kari. Shafin nan mai layi biyar kuwa bai yage shi ba. A makonninsa na ƙarshe ya ja irinsa saboda wata yarinya 'yar aji huɗu da ba ta iya kwafar rubutu daidai, har ya gano kuskurenta yana yawaita ne duk ranar da ta zauna a bencin baya. Ya dawo da ita gaba, ya kuma aika wa mahaifinta cewa a kai ta a duba mata idanu.

Ana gobe zai bar ƙauyen, ya ɗauki katin nan da ya ajiye a akwati ya tafi maƙera. Ya iske babban ɗan marigayin yana aiki, yaro yana yi masa zuga. Ya sa katin a wayar maƙerin ya kunna. Da muryar tsohon ta tashi tana kirarin gidansu, sai maƙerin ya ajiye masaba, yaron ya saki zugazugi, mutanen gida suka firfito suka tsaya a ƙofar zaure. Ba wanda ya ce uffan har kirarin ya ƙare. Sa'an nan maƙerin ya share ido da bakin rigarsa ya ce, "Malam, Allah Ya saka da alheri. Maimaita mana."